In sigina ta fara gaggawa, 'yan kasuwa kada mu yi shiru

 Yau zan yi magana ne a kan wani ɗan abu wanda wani zai ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato fitilar nan da direba ke kunnawa idan zai karya kwana, wadda direbobinmu na nan Matameye da Damagaram ke kira kilinyotan, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka kuma suke ce mata sigina ko tirafiketa. To amma Bahaushe ya ce kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa, wani abu ne da ya faru a gaban idona.

A lokacin sanyin da ya wuce, daidai kakar rake, na taso daga Damagaram da yamma a cikin wata motar haya Hiyas, mun cika maƙil, ga kaya a sama ga kaya a baya. Mun wuce Takeita, rana ta faɗi, hazo ya lulluɓe hanya. Wata baiwar Allah ta ce a sauke ta a bakin hanyar ƙauyensu da ke hannun hagu. Direba ya taɓa sigina, sai muka ji tana ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar ana korar ta. Wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa da ke zaune bayansa ta ce, "Ɗan nan, yau kuma me ya sami abin naka yake ta rawar jiki haka?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, batir ne sabo, ƙarfi ya yi masa yawa." Bai rufe baki ba ya karya hagu, ashe wani ɗan kabu-kabu ya taho a guje zai wuce mu ta wannan hannun. Allah Ya kiyaye, yaron ya taka birki ya faɗa cikin rairayi, shi da fasinjansa suka tashi da ƙujewa kawai.

Nan fa gardama ta kaure. Ɗan kabu-kabu yana rantsuwa cewa bai ga wata sigina ba, direba yana rantsuwa ya kunna, mu kuma fasinjoji shaida ne mun ji ƙararta da kunnuwanmu. Da aka sake kunnawa aka zagaya bayan motar, sai ga fitilar baya ta hagu a mace, ta gaba ce kaɗai ke ta kiftawa. Wato dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Motar kuma tun daga tasha take faɗa wa direba cewa ƙwanta ya ƙone, shi ne bai san yarenta ba.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan rubutu. Saurin kiftawar sigina ba alamar ƙarfin batir ba ne. Masu ƙera mota da gangan suka yi ta haka, domin direba yana zaune a ciki ba ya ganin fitilunsa na waje, sai suka sa masa alamar da zai ji da kunne ya kuma gani a gabansa. Akwai ma ƙa'idar duniya a kan yawan kiftawar. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarar 1968 ta ajiye cewa sigina ta riƙa kiftawa sau 90 a minti guda, da rangwamen 30 sama ko ƙasa, wato daga 60 zuwa 120. Ke da ke zaune a gidan gaba, za ki iya gwadawa: dubi 'yar koriyar kibiyar da ke kiftawa a gaban direba, ki ƙirga cikin daƙiƙa 10. In ta yi tsakanin 10 zuwa 20, lafiya lau. In ta zarce haka sosai, kamar ta ninka yadda kika saba ji, to akwai magana.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, domin ba wani sihiri a ciki. A yawancin ƙananan motoci, kowane hannu yana da ƙwai biyu manya, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne mai ƙarfin wat 21, sannan sau da yawa da wani ɗan ƙarami mai wat 5 a gefe. In an haɗa ya zama wat 47. Akwai wani ɗan akwati da bai kai akwatin ashana biyu ba, yawanci a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da wurin fiyus, masu gyara na ce masa filasha. Shi ke ɗauke wuta yana maidowa, shi ne kuma ke yin ƙarar nan da muke ji. Wannan akwati yana auna yawan wutar da ƙwayayen ke sha. Idan ƙwai ɗaya babba ya mutu, wat 47 ya koma 26, kusan rabi ya tafi ke nan. Da ya ji haka sai ya ninka saurinsa. Kamar mai awon hatsi ce da ta saba ɗaukar buhu cikakke, ranar da aka miƙo mata wanda aka zaftare, tun kafin ta kwance bakinsa hannunta ya gaya mata.

Sai dai a lura, tsofaffin motoci da wasu babura masu tsohon samfurin filasha, wanda ke aiki da zafin wani ɗan siririn ƙarfe, nasu salon daban ne. Idan ƙwai ya mutu a cikinsu, maimakon sauri sai fitilar ta riƙa jan jiki, ko ma ta tsaya a kunne ba kiftawa. Saƙon dai ɗaya ne: duk lokacin da kiɗan sigina ya sauya daga yadda aka san shi, a sauka a duba.

Dubawar ma ba ta cin minti biyu. Direba ya danna maɓallin nan mai jan alama mai kusurwa uku da ke kunna fitilu huɗu gaba ɗaya, yaron mota ya zagaya. Wadda ba ta kama ba, ita ce mai laifi. In hannu ɗaya ne kawai ke sauri, matsalar tana wannan hannun, ƙwai ne ko mazauninsa ko wayarsa. In kuwa hagu da dama duk suna sauri alhali fitilu na kamawa, to a dubi irin ƙwayayen da aka sa, ko kuma shi kansa filashan.

Idan an gano wadda ta mutu, a kashe mota, a kwance murfin, a ciro ƙwan a ɗaga shi sama. In siririyar wayar cikinsa ta tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, ya gama aiki. In ana shakka, a ciro na ɗaya hannun a gwada a gurbinsa. In ya kama, ƙwai ne, sai a sayi sabo. In shi ma bai kama ba, to a leƙa cikin mazaunin. Mu nan ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa barin komai, sai ka tarar ciki ya yi tsatsa ko ya yi kore, ko kuma 'yar fallen ƙarfen da ke taɓa gindin ƙwan ta kwanta saboda girgizar hanyar burji. A goge da sanfefa, a ɗan ɗago fallen, sau da yawa shi ke nan. Sai kuma wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota, wadda masu lantarkinmu ke kira mas. In ta saki ko ta yi tsatsa, za ka ga abin mamaki: an kunna sigina amma fitilar birki ko ta baya tana kiftawa tare da ita dishi-dishi, kamar bishiyar da aka yi wa ado. Wannan ma kwance ƙusa ne a kankare a ɗaure. In duk an yi wannan ba a dace ba, waya ta tsinke a wani wuri, sai a kai wa mai lantarkin mota. Fiyus kuwa in ya ƙone ɗauke wutar yake yi gaba ɗaya, ba ya sa sauri, saboda haka a daina naɗe shi da waya ko takardar sigari da sunan gyara, domin ta haka mota ke kamawa da wuta da kayan mutane a ciki.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu mu masu saye da sayarwa. A gindin kowane ƙwai akwai rubutu, misali 12V 21W. Ƙananan motoci na aiki da bolt 12, manyan motocin ɗaukar kaya da yawa kuma bolt 24. Ƙwayayen sun yi kama da juna kamar tagwaye. In aka sa na 24 a ƙaramar mota, zai kama amma dishi-dishi, sigina kuma ta yi ta sauri. In aka sa na 12 a babbar mota, nan take zai ƙone. Haka in aka cusa mai wat 10 ko 5 a gurbin mai 21 don ya fi araha. Akwai kuma mai waya biyu a ciki, wanda ake rubuta wa 21/5W, shi ma ba a musanya shi da mai waya ɗaya. In murfin fitilar fari ne tas, ƙwan da ake sa masa mai ruwan lemo ne, kuma 'yan kunnuwansa ba su daidaita da na farin ba, don kada a yi kuskure, amma sai ka ga an danna shi da ƙarfi har mazaunin ya fashe. Mai shagon kayan mota da ya miƙa wa direba abin da ya san ba shi ne ba, don dai kada ciniki ya wuce shi, ya sani yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya. Direba kuma ya riƙa tafiya da tsohon ƙwan a hannu in zai sayi sabo.

Sai kuma yayin da ake yi yanzu na fitilun zamani da ake kira LED, masu haske fari ƙal, waɗanda samari ke so. Ba su da laifi a kan kansu, suna daɗewa kuma ba sa shan wuta. To amma rashin shan wutar ne ke ruɗa filasha, sai ya ɗauka ƙwai ya mutu, ya yi ta sauri alhali duk suna kamawa. Masu gyara na magance wannan ta hanya biyu: ko a sauya filasha da wanda aka yi domin LED, ko a haɗa wani ɗan ƙarfe mai shan wuta da ake kira rezista, yawanci mai om 6 da wat 50, a kowane ƙwai. Wannan ƙarfe yana zafi ƙwarai, dole a ɗaure shi a jikin ƙarfen mota nesa da roba da wayoyi. Sababbin motoci kuma da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu ba su da filashan da za a cire, sai wanda ya san aikin. Amma ga inda gizo ke saƙar: da zarar an sa rezista, ko LED ɗin ya mutu sigina ba za ta ƙara yin sauri ba, domin ƙarfen na nan yana shan wutarsa. Yawancin filashan LED ma haka suke. Wato an toshe bakin mai gargaɗi. Duk wanda ya yi wannan gyara ya ɗora wa kansa zagaya motarsa kowace safiya, in ba haka ba gara ya bar ta da ƙwayayenta na asali.

Wani zai ce, to mu 'yan kasuwa ina ruwanmu da wannan, ai aikin direba ne da makanike. Ruwanmu kuwa har da tsaki. Hanyar nan da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matameye ta nufi Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam zuwa Daura da Kano, da wadda ta nufi Magarya, su wa suka fi bin su? Mu ne. Mu ke sammako ranar kasuwa, mu ke dawowa bayan magariba, lokacin da ido ba ya gani sosai, ga amalanken shanu da na jakuna marasa fitila, ga babura, ga masu tafiya a ƙasa. Mai zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko kasuwar Dole a Damagaram ya san abin da nake faɗa. Motar kasuwa kuma ba kamar motar da ke tafiya kai-tsaye ba ce, kowane ƙauye sai ta tsaya, ta ratse dama ta karya hagu, ta sauke wannan ta ɗauki wancan. Babu motar da ta fi ta buƙatar sigina. Kuma tunda a hannun dama muke tuƙi, mu da Najeriya, karyawa hagu ita ce mai haɗari, domin ta nan na baya ke wucewa, ta nan na gaba ke tahowa. Direbobi ma sun saba yi wa juna magana da ita a kan hanya, su gaya wa na baya ya wuce ko ya dakata. In ƙwai ɗaya ya mutu, direba na ganin ya yi magana, alhali ba wanda ya ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na shekarar 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya a duniya cikin shekara guda, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba, duk da cewa mu ne masu ƙarancin motoci. Ban ce sigina ce ta kashe su duka ba. Gudu da lodi fiye da ƙima da barci da lalacewar hanya suna da babban kaso. Sai dai gyaran hanya ba a hannunmu yake ba, ƙwan sigina kuwa kuɗinsa bai kai na kujerar fasinja ɗaya zuwa Damagaram ba. Idan mota ta kife, direba ya yi asarar mota, amma tumatir da kabejin da suka watse a kwalta, da jarkar man da ta fashe, da kuɗin adashen da aka ɗauka aka saro kaya, na wa ne? In kuma rai ne ya tafi, marayun na wa ne?

A gaskiya ban rubuta wannan don in ci mutuncin direbobi ba, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma na san halin da suke ciki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe iyakarmu da ita bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, ga kuma janye tallafin man fetur da aka yi can a watan Mayun 2023. Duk wanda ke neman abinci da mota a garin iyaka irin namu ya ji waɗannan a jikinsa. Ga kuma jabun ƙwayaye da ka sa yau gobe su ƙone. Direban da ke lissafin kuɗin mai da na mai mota da na cefane, ba mamaki ya ce ƙwai ya jira sai gobe. Na yarda da wannan uzuri a kan taya ko injin da ke cin dubbai. Ban yarda da shi a kan abin da za a iya saya da cinikin fasinja ɗaya ba. Masu cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare, malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana a ɗaure raƙumi.

Saboda haka kirana na farko gare ku ne iyayenmu mata. Kunnenku ya fi na kowa sanin kiɗan motar da kuke shiga duk mako. In kun ji ya sauya, ku yi magana kamar yadda dattijuwar nan ta yi, amma kada ku karɓi amsar batir. Ba sai da faɗa ba. "Ɗana, don Allah sa yaronka ya zagaya ya duba mana fitilar baya." Direban kirki ba zai ƙi ba, wanda ya ƙi kuwa ya nuna muku ko shi wane ne. Ku da ba ku barin a tauye muku mudu ko a cusa muku tsohuwar takardar kuɗi mai yage, bai kamata ku yi kawaici a kan abin da ya shafi ranku ba.

Na biyu, manyan 'yan kasuwa masu ɗaukar shatar kanta ko akori-kura su ɗauko rake da kayan lambu daga fadamunmu, ku sa duba fitilu ya zama sharaɗi kafin a fara lodi. Ku kuma tsaya a kan masu ɗaurin kaya, domin sau nawa muke ganin dami ko buhu ya sauko ya rufe fitilar baya ruf, ko igiya ta bi ta kanta ta fasa murfin. Fitilar da aka rufe da wadda ta mutu duk ɗaya ne ga na baya, kuma ita wannan ko gargaɗin sauri ba za ta yi ba. Haka laka da ƙura, ɗan tsumma ya isa.

Na uku, shugabannin sandikar direbobi da masu kula da layi a tasha. Ku kuke rubuta mota, ku kuke ba ta layi, maganarku ta fi ta kowa tasiri a kan direba. Me zai hana ya zama doka a tasha cewa motar da za ta yi lodi sai ta kunna fitilu huɗu an zagaya ta? Kowane direba kuma ya ajiye ƙwai biyu da sukurdireba a aljihun gaban mota. A tsallaken iyaka akwai hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 1988, mu ma muna da ANISER da jandarmomi a kan hanya, amma babu hukumar da za ta iya tsayawa a bayan kowace mota kowace safiya. Mutanen tasha ne za su iya. 'Yan kabu-kabu kuma da ke cire sigina gaba ɗaya in ta karye, ko su bar ta tana reto, su ma shugabanninsu su ja musu kunne, domin su ne ba su da gangar jikin da za ta kare su.

Ranar da abin nan ya faru, bayan an yi sulhu an ba yaron haƙuri, direba ya ciro ƙwan ya duba, ga shi baƙi ƙirin. Da muka iso gari ya tsaya gaban wani shago ya sayi sabo, yaronsa ya sa, duk abin bai kai minti biyar ba. Ya taɓa sigina, ta koma ƙas, ƙas, ƙas a natse. Dattijuwar nan ta ce, "To ɗan nan, batirin ya huce ke nan?" Mota ta kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce, "Inna, ki yafe ni, wallahi ban sani ba." Na kuma gaskata shi, domin rashin sani ya fi dare duhu. To yanzu dai wanda ya karanta wannan ya sani, sai ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.